Haƙorin Giya Ba Ya Karyewa Banza: Darasi Daga Ƙananan Motocin Tsere

Masu iya magana kan ce an bar jaki ana dukan taiki. Da wuya a sami inda wannan karin magana ya zauna daram kamar wajen masu wasan tsere da ƙananan motocin nan da ake sarrafawa daga nesa da na'urar rediyo. Mota tana cikin gudu sai a ji inji ya ɗauki kuka, tayoyi kuwa sun tsaya cik. Idan an buɗe, sai a tarar haƙoran giya sun zube. Abin da mafi yawan mutane kan yi shi ne su cire giyar robar da ta lalace su jefar, su sayo ta ƙarfe su ɗaura, suna ganin sun yi maganin matsalar har abada.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne wannan ɗabi'a kuskure ce ta fuska biyu. Na farko, karyayyar giya shaida ce, kuma wanda ya jefar da ita bai duba ba ya jefar da amsar tambayarsa. Na biyu, raunin giyar roba ba aibi ba ne, da gangan aka yi shi domin ya kare sassan da suka fi ta tsada. Ɗalibin da ya fahimci waɗannan abubuwa biyu ya riƙi wani babban sashe na hanyar binciken kimiyya, ko da bai taɓa riƙa irin wannan mota ba.

Motar da Giyoyinta

Waɗannan motoci sun wuce abin wasan yara da ake saya a bakin titi. Wasa ne mai dokoki da gasa, wanda ya fi ƙarfi a Japan da Amurka da ƙasashen Turai. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta farko irin wannan a shekarar 1976, sa'an nan a 1979 aka kafa ƙungiyar IFMAR wadda ke shirya gasar duniya. Motocin da aka fi yayi su ne waɗanda girmansu yake kashi ɗaya cikin 10 ko kashi ɗaya cikin 8 na motar gaske. Wasu da mai suke aiki, wasu da batir. Na batir ɗin su ne abin dubawa a nan.

Giya a nan tana nufin faifai mai haƙora a gefensa, wanda haƙoransa ke shiga tsakanin na wani faifan su juya shi. A kan sandar injin lantarkin motar akwai ƙaramar giya, galibi ta ƙarfe. Ita ce ke juya babbar giya, wadda a motocin kashi ɗaya cikin 10 akan yi ta da roba mai tauri, kamar nailan. Daga babbar giya ƙarfi kan bi ta wani ɗan kuloci mai zamewa, ya shiga akwatin giya, ya isa ga giyar rabon gudu, wato wadda ke bai wa tayar waje damar ta fi ta ciki gudu a kwana, daga nan sai tayoyi.

Ɗan lissafi zai nuna irin wahalar da haƙoran nan ke sha. A ɗauka ƙaramar giya tana da haƙori 20, babbar kuma 87. Sai ƙaramar ta juya sau 4.35 kafin babbar ta juya sau ɗaya. Idan inji yana juyi 20,000 a minti guda, wanda ba abin mamaki ba ne ga injinan zamani, to kowane haƙori na babbar giya yana shan duka kusan sau 4,600 a minti. A tseren minti 5, duka kusan 23,000 ke nan. Kowane haƙori na ƙaramar kuwa ya sha 100,000, shi ya sa ake yin ta da ƙarfe. Duk wannan a kan haƙorin da tsayinsa bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba.

Karanta Karyayyen Haƙori

Likita ba ya rubuta magani sai ya duba mara lafiya, masanin halittu kuma yakan ɗauki muƙamuƙin dabba ya faɗi abin da take ci ta hanyar duba yadda haƙoranta suka cinye. Haka giya take. Kowane irin dalili da irin tabon da yake bari, kuma da madubi mai ƙara girman abu da haske mai kyau ana iya rarrabe su.

Idan kawunan haƙora ne suka goge a duk kewayen faifan, gindinsu kuwa yana nan, to tazarar da ke tsakanin giyoyin biyu ta yi yawa. Haƙoran ba su shiga juna sosai ba, sai tsininsu kawai ke ɗaukar nauyi. Tun a 1892 wani injiniya Ba'amurke mai suna Wilfred Lewis ya nuna cewa ana iya ɗaukar haƙorin giya tamkar azarar da aka kafe gefe ɗaya a bango, ɗaya gefen yana reto. Kowa ya san idan aka rataya kaya a ƙarshen irin wannan azara ta fi saurin karyewa bisa ga a rataya shi kusa da bango. Yawancin lokaci sukurorin da ke riƙe da inji ne suka saki, injin ya ja baya kaɗan, tazara ta buɗe.

Idan kuma haƙoran sun yi sheƙi, sun lanƙwashe ko sun nuna alamar narkewa, motar kuma tana ta kuka mai tsini kafin ta tsaya, to an matse giyoyin fiye da kima. Matsi yana haifar da gogayya, gogayya tana haifar da zafi, roba kuma takan yi laushi tun kafin ta kai ga narkewa. Irin wannan matsi ba giya kaɗai yake ci ba, yana cinye boris ɗin inji, yana kuma shan batir.

Idan haƙori biyu ko uku ne a jere suka ɓalle tun daga gindi, sauran kuwa lafiya lau, wannan aikin duka ne na farat ɗaya. Mafi yawa a wajen tsalle yake faruwa. Yayin da mota take sama tayoyinta ba su taɓa komai, idan direba bai saki totur ba sai su ɗauki gudu fiye da na motar kanta. Da ta dira, ƙasa ta kama tayoyin nan take, inji kuwa yana nan da gudunsa. Haƙoran da suke haɗe a wannan ƙiftawar ido su ne ke biyan bashin. Haka nan idan aka jefa mota ribas tana tsakiyar gudu gaba.

Idan lalacewar ta tsaya a ɓangare ɗaya na kewayen faifan, to faifan ba ya juyawa a kan cibiyarsa daidai: ko sandarsa ta tanƙware, ko boris ya mutu, ko faifan kansa ba da'ira cikakkiya ba ne. Idan kuma gefe ɗaya na faɗin haƙori ne ya cinye, to giyoyin ba su fuskanci juna sak ba, wato ƙaramar giya ta zame a kan sandarta ko kujerar inji ta karkace.

Idan aka ga ƙananan ramuka da ƙarce a jikin haƙora, to tsakuwa ko yashi ne ya shiga. Yawancin yashi dutsen kwaz ne, wanda taurinsa a ma'aunin Mohs ya kai 7, ya ɗara na ƙarfen da aka saba amfani da shi. Wannan ne dalilin da ya sa ba a shafa giris a kan giyar da ke buɗe a fili. Giris yakan kama ƙura su haɗu su zama abin wasa wuƙa. Duk wanda zai tuƙa irin wannan mota a fili mai yashi lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke tashi ba dare ba rana, murfin giya ya fi masa giris amfani.

Akwai kuma karayar gajiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga 'yar mitsitsiya takan fara a gindin haƙori, kowane duka ya ƙara mata tsawo kaɗan, har ranar da abin da ya rage ba zai iya ɗaukar nauyi ba. A giyar ƙarfe ana iya gane ta: ɓangare ɗaya na wurin karayar sumul yake, wani lokaci da layuka kamar sawun ruwa a bakin tafki, ɗaya ɓangaren kuwa kaushi. Injiniyan Jamus August Wöhler ne ya yi nazarin wannan al'amari a kan sandunan ƙafafun jirgin ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19. Jikin ɗan Adam ma ya san shi: a 1855 wani likitan sojan Furushiya mai suna Breithaupt ya bayyana ciwon ƙafar da ke kama sojoji bayan doguwar tafiya, wanda daga baya aka gane tsagewar ƙashin tafin ƙafa ce. Bambancin shi ne ƙashi yana da ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon sashe su gina sabo idan aka ba shi hutu. Giya ba ta da su.

Tarkon Ma'aunin Haƙori

Akwai wani kuskure da ke faruwa tun a wajen saye. Giyoyi biyu ba za su yi aiki tare ba sai girman haƙoransu ya zama ɗaya, kuma hanyoyi biyu ne ake auna shi. A tsarin inci akan rubuta 32P ko 48P ko 64P. Lambar tana nufin yawan haƙora a kan kowane inci na faɗin faifan, don haka lamba mai girma tana nufin haƙora ƙanana. A tsarin milimita kuwa akan rubuta modul, kamar 0.6 ko 0.8 ko 1, kuma a nan lamba mai girma ita ce haƙori mai girma. Domin a sauya daga wannan zuwa wancan sai a raba 25.4 da lambar.

Idan aka raba 25.4 da 32 za a sami 0.79, wato kusan modul 0.8, shi ya sa akan haɗa su su yi aiki. Amma idan aka raba 25.4 da 48 za a sami 0.53, wanda ba 0.6 ba ne. A ido giyar 48P da ta modul 0.6 kamar tagwaye suke, har su shiga juna su juya. Sai dai haƙoransu ba su zama daidai, kuma cikin ɗan lokaci ta ƙarfen za ta cinye ta robar. Motocin Tamiya da yawa modul 0.6 suke amfani da shi, alhali motocin tsere na Amurka da yawa 48P ne. Wanda bai karanta jikin fakiti ba zai yi ta sauya giya yana zargin roba.

Daɗin daɗawa, lambobin 20 da 87 ba su da wata lamba da ke raba su duka biyu in ban da 1. Ma'anar wannan ita ce kowane haƙori na ƙaramar giya sai ya gana da kowane haƙori na babbar. Wannan abu ne mai kyau idan duk suna lafiya, domin cinyewa takan bazu daidai. Amma idan haƙori ɗaya na ƙaramar giya ya sami tabo, to zai kai ziyara ga dukkan 87 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ɗaura sabuwar babbar giya a kan tsohuwar ƙarama mai tabo asarar kuɗi ce kawai.

Hikimar Rauni

Yanzu sai a koma ga batun giyar ƙarfe. Ƙarfin da ya karya haƙorin roba ba ya ɓacewa don an sauya robar da ƙarfe. Wucewa yake yi gaba ya nemi wanda ya fi rauni a cikin sauran: giyoyin cikin akwati, ko giyar rabon gudu, ko sandunan da ke juya tayoyi, ko sandar injin kanta. Babbar giya tana waje, sukurori ƙalilan ke riƙe da ita, kuma tana cikin sassa mafi araha. Giyar rabon gudu kuwa sai an wargaza rabin mota kafin a kai gare ta. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin wannan dabara. Fiyus ɗin lantarki ɗan siririn waya ne da aka sa domin ya ƙone kafin gida ya ƙone, kuma kowa ya san abin da kan biyo baya idan aka maye gurbinsa da waya mai kauri. Halittu kuwa sun riga injiniyoyi. Tsakar da ke bin bangon ɗaki tana da layukan rauni a cikin ƙasusuwan wutsiyarta. Idan maƙiyi ya kama wutsiyar sai ta tsinke a kan layin, tsaka ta tsira, daga baya wata ta tsiro. Da wutsiyar ba ta tsinkewa, da tsakar ce gaba ɗaya za ta tafi.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da batu. A shekarar 2013 masana biyu, Malcolm Burrows da Gregory Sutton, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a Jami'ar Kambirij ta Ingila a mujallar Science, inda suka nuna cewa 'ya'yan wani ƙwaro mai tsalle a kan ganye, mai suna Issus coleoptratus, suna da giya ta gaske a gindin ƙafafunsu na baya. Kowace ƙafa tana da haƙora 10 zuwa 12 masu shiga na ɗayar, domin ƙafafun biyu su harba a lokaci guda, kada ƙwaron ya wuntsila a sama. Abin mamaki shi ne idan ƙwaron ya balaga giyar takan ɓace. Bayanin da masanan suka kawo shi ne ɗan ƙwaro yana saɓa sau da yawa yayin da yake girma, don haka idan haƙori ya karye zai sami sabo a saɓa ta gaba. Baligi kuwa ya daina saɓa, karyayyen haƙori zai zauna masa har mutuwa. Wato giya mai haƙora tana da amfani ne a inda za a iya sauya ta cikin sauƙi. Wannan shi ne ainihin matsayin giyar roba a motar tsere.

Ɗan kulocin da aka ambata a baya shi ma mai gadi ne. Faifai ne da ke matse babbar giya da ƙarfin sifirin, idan duka ya wuce kima sai ya zame kaɗan. Idan aka ɗaure notinsa tamau, ya daina zamewa, duk wani duka sai ya sauka a kan haƙora. Idan aka sake shi da yawa, sai ya yi ta zamewa yana zafi har ya narkar da tsakiyar giyar. Littafin da ke zuwa tare da mota yakan faɗi inda za a fara, daga nan sai gwaji.

Hujjar Masu Ƙarfe

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu son giyar ƙarfe za su ce injinan yau ba na jiya ba ne. Injin da ba shi da burushi, haɗe da batirin litiyam, yana ba da ƙarfin da tsofaffin injina ba su kusanta ba. Batir mai ɗaki biyu yana ba da volt 7.4, mai ɗaki uku 11.1. Gudun inji yakan ƙaru da rabi, amma kuzarin motsi yana bin gudu sau gudu ne, don haka ya ninka sau 2.25. Za su kuma ce motocin kashi ɗaya cikin 8 da yawa da giyar ƙarfe suke fitowa daga masana'anta.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai rushe hujjar ba. Motar da ta fito da giyar ƙarfe an gina dukkan sassanta ne daidai da wannan ƙarfi, da haƙora manya irin na modul 1, da sanduna masu kauri, kuma galibi da giyar rabo ta tsakiya mai ɗauke da mai mai kauri wadda ke sassauta duka. Wanda ya ƙara wa ƙaramar mota ƙarfin batir, ya ga roba ta gaza duk da cewa tazara daidai take, kuloci daidai yake, ma'aunin haƙori ɗaya ne, to yana da dalilin komawa ga haƙora manya ko ga ƙarfe, da sharaɗin ya ƙarfafa abin da ke bayanta. Wannan hukunci ne da ya biyo bayan bincike. Abin da ake suka shi ne ƙarfen da aka saya domin a guje wa binciken.

Tsarin Bincike

Matakan ba su da wuya. A cire batir tukuna. A ajiye karyayyar giya, a duba ta, a rubuta abin da aka gani da abin da motar ke yi lokacin da ta tsaya. A duba ƙaramar giya haƙori bayan haƙori, a tabbata ɗan sukurunta ya zauna a kan shafaffen gefen sandar inji, an kuma ɗiga masa maganin hana kwancewa. A girgiza sanduna da yatsa a ji ko boris ya saki. A karanta ma'aunin giyoyin biyu.

Wajen daidaita tazara, dabarar da aka saba ita ce a yanko siririyar takardar littafin rubutu a sa tsakanin giyoyin, a tura inji har ya matse ta, a ɗaure sukurori, sa'an nan a juya giya takardar ta fita. Kaurin takardar, kimanin kashi ɗaya cikin 10 na milimita, shi ne tazarar da ta rage. Bayan haka a riƙe ƙaramar giya a motsa babbar, ya kamata a ji ɗan wasa ƙanƙane. A maimaita a wurare huɗu ko fiye na kewayen, a tabbata ko a wurin da ya fi matsewa akwai wannan wasa.

Doka mafi muhimmanci ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya giya, ya saki kuloci, ya rage batir duk a rana guda, idan matsalar ta tafi bai san wanne ya kore ta ba, kuma idan ta dawo zai koma farko.

Kammalawa

Ba kowace makaranta ce za ta iya sayen motar tsere ba, kuma ba lallai ba ne. Giyoyin roba suna cikin matacciyar firinta, da kan fanka mai juyawa hagu da dama, da tsohon agogon bango, da motar wasan yara. Malamin kimiyya yana iya tara su, ya raba wa ɗalibai tare da madubi da ma'auni, ya ce kowace ƙungiya ta ƙirga haƙora, ta fitar da rabon juyi, ta zana tabon da ta gani, ta faɗi dalilin da take zato, ta kuma faɗi gwajin da zai nuna ko zatonta daidai ne. A darasi ɗaya an taɓa lissafi da fiziya da zane, an kuma koyar da bambancin alamar cuta da sanadinta, wanda shi ne ginshiƙin aikin likita da na makanike baki ɗaya.

Ƙasar da ke shigo da yawancin kayan gyaranta daga waje tana biyan kuɗi mai yawa a kan kowane sashe da aka sauya ba tare da an san abin da ya kashe na farko ba. Ɗalibin da ya saba tambayar abin da ya karya haƙori kafin ya miƙa hannu ga sabo, shi ne gobe za a iya damƙa wa famfon burtsatse, ko injin niƙa, ko na'urar asibiti, a kwana da kwanciyar hankali.